Yadda aka fito da ni daga rami a Landan

Yaya, ka san shekara goma sha biyu na yi ina aikin birkila kafin in taho. To makon jiya wata injiniya da ko ƙanwarmu ta girme ta, ita ta sa na fito daga rami a gaban leburori.

Wani tsohon gida ake haƙa wa ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, bangonsa ɗaya da na maƙwabci, don haka sai an ƙara wa harsashin zurfi. Na gama ramina, na ga ƙasa ta yi laushi, sai na zarce na kusa da shi don a rage aikin gobe. Ta ce in ajiye shebur. Ashe bangon an raba shi gaɓa-gaɓa, kowace kamar mita 1, kowace da lambarta. A haƙa ɗaya, a tokare gefenta da katako da ƙarfe, a zuba kankare. Idan ya kama, a cusa siminti da yashi mai ɗan danshi a giɓin da ya rage ƙarƙashin tsohon harsashin, a daddanna. Kafin nan ba a taɓa ta gefenta, tsallakewa ake yi. Ni kuwa saura ƙiris in bar bene a rataye kan mita biyu na iska. Na ji haushi ƙwarai, amma da dare na kasa barci, ina tuna irin ramukan da muka haƙa da.

Takardunsu kuwa sai sun gundure ka. Akwai doka tun 1996: in za ka haƙa cikin mita 3 da ginin maƙwabci, ka wuce zurfin harsashinsa, sai ka sanar da shi wata guda kafin nan. In bai amince ba cikin kwana 14, a kawo safiyo, yawanci mai gidan da ake wa aikin ke biya. Kafin a gama wannan, mu masu aikin yini muna zaune, ba ko fam ɗaya. Safiyon ya ɗauki hoton kowace tsaga a bangon maƙwabcin, har wadda ba ta kai silin gashi ba.

A gida fa? Mutum ya wayi gari ya ga rami a gindin bangonsa, ya yi magana a ce hassada ce. Bango ya tsage a ce ƙaddara.

Ina kewarku matuƙa. In mutumin nan na bayan gidanmu ya fara gininsa, ka ɗauki hoton bangon ɗakin Inna tun diga ba ta taɓa ƙasa ba, ka turo min.