Na biya kuɗin jirgin ruwa don kallon tashin roka a Cape Canaveral, ga abin da na gani

Jama'a tun da na saka ɗan bidiyon nan a status mutane ke ta tambayata wai ta ina ake bi, nawa ne, kuma ya cancanci kuɗin ko a'a, to bari in amsa gaba ɗaya. Ina zaune a Orlando ne, kuma Kawuna ya zo duba lafiyarsa ya sauka a wurina, tsohon soja ne da ya yi ritaya tun tuni. Shi ne ya matsa, yace ba zai koma Zariya ba sai ya ga abin nan da ido. Daga gidana zuwa Port Canaveral tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota ta hanyar 528, akwai kuɗin toll a hanya ku sani.

Na yi buking da wani ƙaramin kamfani mai jirgin ruwa da ke fita da mutane cikin ruwa su kalli tashin daga can, dala 80 kowane mutum. Roka Falcon 9 ce ta kamfanin SpaceX ɗauke da taurarin ɗan Adam na Starlink, daga dandamalin harba roka na 40.

Zuwanmu na farko ba a tashi ba. Mun shiga ruwa, an kashe injin, kowa ya ɗaga waya, saura mintuna kaɗan sai kyaftin ya ce an fasa saboda gajimare da walƙiya. Anan ne na ji haushin kamfanin gaskiya, don a shafinsu ba su rubuta a fili cewa idan an fasa ba a mayar da kuɗi ba, sai da muka dawo bakin ruwa wata yarinya a ofis ke gaya mana rabin kuɗi za mu ƙara idan muna son dawowa gobe. Ni ban ce su yi asarar mai ba, amma a gaya wa mutum tun kafin ya biya mana. Banɗakin jirgin ma ɗaya ne tak kuma ƙarami, ga Kawu dattijo mai shan magani, ya sha wuya. Sallar magariba da isha sai da muka yi a gefen mota a wurin fakin.

Amma shi kyaftin ɗin kam ba ni da abin cewa a kansa sai alheri, mutum ne da ya tashi a yankin kuma ya san abin da yake faɗa. Shi ya fara gyara min wani kuskure da na daɗe da shi, ni duk a zatona wurin na NASA ne. Ashe wuri biyu ne maƙwabta. Kennedy Space Center na NASA ne, yana tsibirin Merritt, shi kuma Cape Canaveral sansanin soja ne, da na sojan sama ne, a Disambar 2020 aka sauya masa suna ya koma na rundunar sararin samaniya wadda aka kafa a ƙarshen 2019. Tun 1950 ake harba roka a wurin, daga nan tauraron Amurka na farko ya tashi a 1958, daga nan John Glenn, Ba'amurke na farko da ya zagaya duniya a sararin samaniya, ya tashi a 1962. Dandamali na 40 da muke kallo da rokokin Titan ke tashi a kai, a 2007 sojoji suka ba SpaceX haya. Kuma waɗanda suka ce a fasa ranar saboda yanayi ma, masu duba yanayin na soja ne, suna da dokoki masu tsauri kan walƙiya tun bayan da tsawa ta faɗa wa wata roka Atlas a 1987 ta hallaka.

Ina fassara wa Kawu duk wannan sai ya yi shiru can yace, "Ɗana, ashe bariki ne." Nace eh Kawu bariki ne. Yace to wannan ai kamar kasuwar mami ce, soja ya ba ɗan kasuwa gefe ya kafa rumfa, sai dai nan naga alama kasuwar na neman ta fi barikin girma. Wallahi maganar nan ta zauna min, don duk abin da na ji daga baya ita yake gaskatawa.

Washegari muka dawo, na biya rabin. Kafin mu fita daga tashar kyaftin ya rage gudu ya nuna mana wani gindin roka, wato sashen ƙasa da ke rabuwa ya dawo bayan tashi, da aka dawo da shi daga teku, yana tsaye a bakin kwata kusa da manyan jiragen yawon shaƙatawa. Wannan shi ne abin da ban yi tsammani ba kuma ya fi taɓa ni. A talabijin fari fes ake ganinsa, amma a kusa baƙi ne ƙirin da hayaƙi kamar gindin tukunyar da ta shekara a murhu, sai wasu layuka farare inda ma'aikata suka goge don duba walda. Dogo ne sosai, sai ka ɗaga kai har hula ta kusa faɗuwa, mutanen da ke aiki a ƙasansa kamar tururuwa. Kawu ya tambaya wai wannan za a sake amfani da shi? Nace eh, wasu sun tashi sama da sau ashirin. Tun Disambar 2015 suka fara saukar da shi lafiya, kuma a cikin wannan barikin aka yi saukar farko.

Shi kansa tashin, da dare ne. Babu ƙara da farko, kawai sai gefen sama ya yi ja kamar gari zai waye, ruwan da ke gabanmu duk ya koma ruwan lemo har ina ganin fuskar Kawu sarai, sai ga dunƙulen wuta yana hawa a hankali, a hankali ƙwarai har ka ce ba zai iya ba. Kusan minti ɗaya kafin ƙarar ta iso mu, kuma ba irin rugugin tsawa ba ce, wani tatsatsa ne kamar ana yaga sabon yadi mai kauri, kana jinsa a ƙirji da ƙarfen jirgin da ka riƙe. Kawu sai subhanallah yake ta maimaitawa. Bayan kamar minti biyu da rabi wutar ta ɗauke, ta sake kamawa ƙarama, wato gindin ya rabu kenan. Saukarsa ba mu gani ba don can tsakiyar teku yake sauka kan wani jirgi mara matuƙi, wanda ke son ganin sauka da jin ƙara mai kama da bam da ke zuwa da saukar sai ya zaɓi tashin da gindin zai dawo tudu, ku duba wannan kafin ku biya.

A hanyar dawowa ne na ja kyaftin da hira kan inda abin ya dosa. A 2023 an yi tashi 72 daga wannan gaɓar, a 2024 aka yi 93, mafi yawa kuma na kasuwanci ne ba na soja ba. Kamfanin Blue Origin ya fara harba rokarsa New Glenn daga dandamali na 36 a Janairun 2025, wani kamfanin roka mai suna ULA na dandamali na 41, shi kuma na 37 da roka Delta IV ta yi tashinta na ƙarshe a 2024 ana shirin mayar da shi wurin Starship, sabuwar rokar SpaceX da ta kai kusan mita 120, Falcon 9 mita 70 ce. Sauran kamfanonin har sun kai kukansu a rubuce cewa in babbar nan ta zo za a riƙa kwashe ma'aikatansu daga wurin aiki duk lokacin da za ta tashi. Shi kyaftin damuwarsa ta masunta ce, kowane tashi sai masu gadin teku sun rufe wani yanki na ruwa, da sau ɗaya ko biyu ne a wata, yanzu kusan duk bayan kwana uku huɗu. Shi yana cin riba da tashin amma yace abokansa masu kamun jatan lande ba sa ci. Kuma rufewar ba wasa ba ce, a Janairun 2022 wani jirgin yawon shaƙatawa ya kutsa yankin dole aka fasa tashi.

Can Kalifoniya ma haka ake fama a sansanin Vandenberg, a Oktoban 2024 hukumar kula da gaɓar teku ta jihar ta ƙi amincewa a ƙara tashi daga 36 zuwa 50 a shekara, sojoji suka ce ai harkar gwamnatin tarayya ce, aka ci gaba, har maganar ta kai kotu.

Ni a ganina barikin nan ba inda za a bar shi, don ina kamfani zai samu fili bakin teku mai faɗin nan da na'urorin bin sawu da ikon rufe sama da ruwa? Mu ma taurarinmu na Najeriya ta irin wannan hanya suka bi, NigeriaSat-1 daga Plesetsk na sojan Rasha ya tashi a 2003, NigeriaSat-2 kuma a 2011 daga Yasny da ke Rasha a kan tsohon makami mai linzami da aka gyara. Abin da nake ganin ya kamata shi ne wanda ya fi cin moriyar wurin ya fi biya, hanyoyi da gadoji da wutar barikin da kuɗin harajin talaka aka gina su, ba daidai ba ne a ce kamfani na harba kayansa na sayarwa kullum kuma gyara ya koma kan gwamnati. Sannan a samar wa mutanen gari ƙofar da za su kai kuka, don Kawu ya faɗi gaskiya da yace farar hula ba ya iya jayayya da mai gadin get. Ba ƙin abin nake ba, ƙanina a gida da Starlink yake aikinsa tun bayan da ta shigo Najeriya a 2023, kuma daga irin wannan dandamalin taurarin suka tashi.

In za ku je, ku ware kwana biyu ko uku ba ɗaya ba, ku tambayi ƙa'idar mayar da kuɗi a rubuce kafin ku biya, ku tafi da rigar sanyi da maganin sauro da maganin jiri. Wanda ba shi da dala 80 ko yana tare da tsoho ko ƙananan yara, akwai wuraren tsayawa a bakin kogi a Titusville da bakin teku a Cocoa Beach da ake gani kyauta. Kyaftin da abin da muka gani na ba su biyar cikin biyar, ofishin kamfanin biyu. Kawu ya riga ya sa na tura wa abokansa na bariki bidiyon, yace kuma in duba masa ranar da gindin zai sauka a tudu kafin jirginsa na komawa.