Tukunyar renon yisti mai lita 5: jikinta lafiya lau, matsalar tana wajen famfo da sanyi

Ƙaramar tukunyar gilashi mai lita 5 da dillalan kayan ɗakin gwaji ke kawowa Kano daga Chaina tana zuwa da injin juyawa, sandar auna pH, sandar auna oksijin, da ƙananan famfuna huɗu masu matsa tiyo. Wanda zai reni yistin Pichia pastoris don ya samar da furotin da aka dasa masa ƙwayar halittarsa, abin da ya kamata ya tambaya kafin ya biya kuɗi shi ne ko na'urar za ta iya ciyar da metanol (sinadarin da yistin ke ci, wanda kuma ke sa shi samar da furotin ɗin) kaɗan-kaɗan na kusan kwana uku ba tare da ta yi wuce gona da iri ba.

A matakin farko, inda ake ciyar da yistin gilisarol don ya yawaita, na'urar ba ta da laifi. Ana farawa da lita 2 na ruwan gishirin reno mai gilisarol giram 40 a kowace lita, da PTM1 (haɗin ma'adanan da yisti ke buƙata kaɗan-kaɗan) mililita 4.35 a lita, zafi a digiri 30, pH a 5 da ruwan amoniya. Cikin awa 18 zuwa 24 gilisarol zai ƙare, oksijin da ke cikin ruwan ya yi tsalle sama domin yistin ya rage shaƙarsa, sandar kuma tana nuna wannan tsallen sarai. Daga nan sai a ɗora gilisarol mai kashi 50, kimanin mililita 18 a awa ga kowace lita, na awa 4, har jiƙaƙƙen yisti ya kai giram 180 zuwa 220 a lita. Kada a fara da fiye da lita 2, domin ruwan da za a yi ta ƙarawa zai cika tukunyar kafin aiki ya ƙare.

Da an koma metanol sai halin famfon ya fito. Nau'in yistin mai saurin cin metanol, wato Mut+, ana fara masa da mililita 3.6 a awa ga kowace lita, wato mililita 7.2 a awa ga lita 2. Famfon da ya zo da na'urar gudu ɗaya gare shi, kunnawa da kashewa kawai yake yi, tiyon da aka saka masa kuma mai faɗi ne. Maimakon ɗigo a jere, sai ya tura metanol a dunƙule ya tsaya. Yistin da bai gama farkar da AOX1 ba, wato enzayim ɗin da ke sarrafa metanol, ba zai iya cinye shi ba, metanol ya taru, in ya haura kashi 1 zuwa 2 kuwa guba ne gare shi. Maganin bai da tsada: tiyo mai ramin milimita 0.8, kwalbar metanol a kan sikeli, a riƙa rubuta nauyinta duk awa. Mililita ɗaya na metanol giram 0.79 ne, saboda haka sikelin ya nuna raguwar giram 5.7 a awa. Lambar da allon na'urar ke nunawa lissafi ce kawai, tiyo kuwa yana laushi bayan an dafa shi don kashe ƙwayoyin cuta, sai abin da yake turawa ya canza. Mai hali ya sayi famfo na daban mai sauya gudu.

Kafin a ninka metanol zuwa mililita 7.3 a awa ga kowace lita, sannan a kai 10.9, a yi gwajin tsayar da ciyarwa. A kashe famfon metanol a zuba wa oksijin ido. In ya hau da kashi 10 cikin ƙasa da minti ɗaya, yisti yana cinye duk abin da ake ba shi, ana iya ƙarawa. In ya yi nawa, akwai metanol kwance a ciki, a dakata. Sandar oksijin ɗin tana da saurin da ya isa wannan gwajin, muddin an bar ta a jone na awa 6 kafin a saita ta.

Sai zafi. Yisti mai cin metanol yana fitar da zafi sosai, na'urar kuma da ruwan famfo aka tsara ta sha sanyi. A watan Afrilu a Kano, ruwan da ya kwana a tankin saman gini ya riga ya fi digiri 30, to me zai sanyaya? Sama da digiri 32 samar da furotin yana lalacewa, kuma da yawan masu aikin suna saukewa zuwa 25 ko ƙasa don rage enzayim masu yayyanka furotin. Ba tare da na'urar sanyaya ruwa ba, wannan tukunyar ta lokacin hunturu ce kawai. Shi ma hunturun da nasa: ƙura tana toshe matatar iska mai maikuron 0.2, a ajiye biyu a gefe.

Iska zalla ba ta riƙe oksijin sama da kashi 20 idan yisti ya yi kauri, ko da an ƙure juyawa. Akwai ƙofar jona silindar oksijin, amma bawul ɗin da hannu ake murɗa shi, dole wani ya kwana a wurin. Abin da ya fi damuwa shi ne ɗauke wuta. Juyawa ta tsaya na 'yan mintuna, oksijin ya faɗi ƙasa, in wuta ta dawo kuma famfon ya ci gaba da zuba metanol a kan yistin da ya galabaita. A ɗora tukunyar da famfon a kan inbata ɗaya, kada a dogara da tashin janareto.

Ga ɗaliban digiri na biyu da ƙananan ɗakunan bincike ta isa, amma a sa kuɗin na'urar sanyaya ruwa, sikeli, inbata da silindar oksijin cikin lissafi tun farko. A kuma nemi dillalin ya haɗa da fatar sandar oksijin ta canji da ruwanta, domin ba a samun su a kanti, sai an yi oda.