Ajin yoga na sabbin shiga: abin da ya burge ni da abin da ya ban haushi

Ga masu tambayata yadda wurin yogan da nake zuwa yake (yoga dai motsa jiki ne na miƙe gaɓoɓi da sarrafa numfashi, asalinsa daga Indiya), ba zan kama suna ba kar a ce talla nake musu, amma gaskiya sun iya karɓar sabon shiga. Tun kafin ka taka ƙafa wurin za su turo maka saƙo a waya, kar ka ci abinci mai nauyi awa 2 zuwa 3 kafin aji, ka taho da ruwa da ɗan tawul, ka sa kaya masu miƙewa waɗanda ba su yi maka yawa ba. Wannan na kayan kar ka raina shi fa, akwai wata tsayuwa da ake dafa ƙasa da hannuwa a ɗaga ƙugu sama kai na kallon ƙasa, in rigarka ta cika faɗi sai ta zazzago ta rufe maka fuska kana kokawa da ita mutane sun wuce gaba.

Suna so ka iso minti 10 ko 15 kafin lokaci, kuma da an fara suke rufe ƙofa, ba ruwansu da ko kai waye. Wasu na ƙorafi a kan haka, ni kam ina goyon bayansu ɗari bisa ɗari, domin mintocin farko na numfashi ne da ɗumama jiki, wanda ya makara ya shigo yana tsallake mutane yana baza tabarma ya raba hankalin kowa, shi ma ya faɗa miƙa da jiki a sandare. Takalmi a bakin ƙofa ake barinsa, har safa ake cirewa saboda santsi, waya kuwa a kashe a jefa a loka. Turare mai ƙarfi ma sun hana, ɗaki ne a rufe kowa na jan numfashi ta hanci. Kuma ba a taka tabarmar wani, ai nan yake ɗora goshinsa.

Abin da ya fi kwanta min a rai malamar ce. Kafin a fara sai ta bi sababbi ɗaya bayan ɗaya tana tambaya, akwai ciwon baya ko gwiwa, akwai hawan jini, akwai mai juna biyu, sai ta sauya maka tsayuwar ko ta miƙo maka bulon soso ka dogara. Akwai ɗan kati a gefen kowace tabarma, in ba ka so a taɓa ka wajen gyara sai ka kife shi shikenan, ba sai ka yi bayani ba. In ka gaji ka durƙusa ka kifa goshi ka huta, balasana suke ce masa, babu mai kallonka. Salon hatha suke yi, a hankali, ba irin mai zafin nan na Bikram da ake ɗumama ɗaki kusan digiri 40 na tsawon minti 90 ba.

To ga inda suka gaza. Tabarmin aron nasu sun tsufa, sun lallatse har gwiwa na jin ƙasa, kuma duk da akwai abin feshi na gogewa ba kowa ke gogewa ba, su kuma ba sa sa ido. Ajin yamma cunkoso, ka buɗe hannu ka mari na kusa da kai. Sannan malamar kan kira sunayen tsayuwa da harshen Sanskrit na Indiya ba tare da fassara ba, sabo sai dai ya dinga leƙen maƙwabci. Haushina babba shi ne savasana, kwanciyar ƙarshe ta minti 5 zuwa 10 da ake miƙewa rigingine a yi shiru, nan wasu ke tashi suna naɗe tabarma suna jan zif ɗin jaka, kuma ba a ce musu uffan, alhali ƙa'idar ita ce in kana sauri ka faɗa wa malama tun farko ka fice kafin a kwanta.

Na ba su 4 cikin 5. Ka zo da tabarmarka mai kauri kamar milimita 5, kuma in da hali ka zaɓi ajin safe.