LinkedIn a idon mai digiri mai daraja ta ɗaya

Duk wanda ya buɗe shafin kansa a LinkedIn, dandalin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, bayan kammala jami'a zai tarar da sashen ilimi yana tambayarsa sunan makaranta, da irin digiri, da fannin karatu, da shekarar shiga da ta fita, sannan can ƙasa akwai ɗan gurbin rubuta sakamako, wanda ma ba dole ba ne a cike shi. Idan aka cike, sai ya fito a layi ɗaya da ƙananan haruffa a ƙarƙashin sunan makarantar, kuma kafin idon mai dubawa ya kai wurin sai ya wuce hoto, da taken da mutum ya yi wa kansa, da bayanin kai, da ayyukan da ya taɓa yi. Ɗalibin da ya kwashe shekaru yana hana idonsa barci domin ya fita da digiri mai daraja ta ɗaya yana bukatar ya fahimci wannan tsari tun kafin ya fara aika takardun neman aiki, domin a nan ne zai ga matsayin da dandalin ya ba abin da ya fi wahala a kai.

An ƙaddamar da LinkedIn a shekarar 2003, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2016, kuma zuwa 2023 masu rajista a cikinsa sun haura biliyan ɗaya. Girman nan ne ya sa ba a iya kauce masa, kuma shi ne ya sa na auna shi da tambaya guda: me yake yi wa sabon mai digiri wanda babban jarinsa shi ne kyakkyawan sakamako?

Adalci ne a fara da cewa dandalin bai ƙirƙiro wannan ra'ayi na rage muhimmancin sakamako daga kansa ba, kasuwar aiki ce ta riga ta karkata can. A shekarar 2013 Laszlo Bock, wanda a lokacin shi ne shugaban sashen ma'aikata na Google, ya shaida wa jaridar New York Times cewa bayanan da kamfanin ya tattara sun nuna makin jami'a ba ya hasashen ƙwazon ma'aikaci, in ban da sababbin masu digiri, inda aka ga 'yar alaƙa kaɗan. A 2015 reshen Birtaniya na EY, babban kamfanin binciken kuɗi da ba da shawara, ya sanar da cire sharaɗin digiri mai daraja ta biyu ta sama daga ƙa'idojin ɗaukar sababbin ma'aikata, bayan binciken da ya yi bai samu hujjar cewa nasara a jami'a tana nuna nasara a jarrabawar ƙwarewa da ake yi a bakin aiki ba, kuma takwaransa PwC ya bi sahu a 2022. A Amurka, binciken ƙungiyar NACE, wadda ke haɗa jami'o'i da masu ɗaukar ma'aikata, ya nuna cewa kamfanonin da ke tace masu nema da maki sun ragu daga kusan kashi 73 cikin 100 a 2019 zuwa kashi 37 a 2023. Akwai kuma dalilin yawa: a Ingila, masu fita da daraja ta ɗaya sun tashi daga kusan kashi 16 cikin 100 a zangon 2010/2011 zuwa kusan kashi 38 a zangon 2020/2021, kuma abin da mutum ɗaya cikin uku ya mallaka ba zai iya bambanta shi da sauran jama'a kamar da ba.

Sai dai wanda ya karanta waɗannan alƙaluma da kyau zai ga cewa ba su ce sakamako ya zama banza ba. Har a 2023 fiye da kamfani ɗaya cikin uku a wancan bincike yana tacewa da maki, EY da kansa ya ce zai ci gaba da la'akari da sakamako, illa dai ba zai bar shi ya zama shinge ba, kuma togaciyar da Bock ya yi ta shafi daidai mutumin da muke magana a kansa, wato wanda bai taɓa aiki ba balle a auna shi da aikin. Guraben karatun digiri na biyu da na uku, da tallafin karatu, da aikin koyarwa da bincike a jami'a, duk har yanzu suna duban sakamako da idon basira. A nan ne nake ganin LinkedIn ya gaza. Akwatin bincikensa yana ba mutum damar tace jama'a da gari, da kamfani, da makaranta, da fannin sana'a, amma babu wurin tacewa da sakamako. Ma'anar haka ita ce sunan jami'a yana aiki a dandalin fiye da ƙoƙarin da aka yi a cikinta, ta yadda wanda ya fita da matsakaicin sakamako daga shahararriyar makaranta zai fi saurin bayyana a kan wanda ya zo na ɗaya a makarantar da ba a san ta ba. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin ɗalibi na biyun shi ne ya fi bukatar a gan shi.

Abin da ya fi daraja a dandalin kyauta ne, kuma ɗalibai da yawa ba su san da shi ba. A shafin kowace jami'a akwai sashen tsofaffin ɗalibai, inda mutum zai ga waɗanda suka karanci irin fanninsa, da inda suke aiki yanzu, da irin aikin da suke yi, har ya iya rage su zuwa waɗanda suka fita cikin 'yan shekarun nan. Gajeren saƙo mai ladabi zuwa ga wanda ya riga ka fita daga sashe ɗaya, kana tambayarsa yadda ake ɗaukar ma'aikata a wurinsu da abin da aka fi dubawa a ganawa, ya kan samu amsa, kuma wannan mutumin shi ne ya san wahalar samun daraja ta ɗaya a sashenku, don haka a wurinsa sakamakon yana da ma'anar da baƙo ba zai gane ba. Akwai ma hujjar bincike a kan haka. Wani nazari da mujallar Science ta wallafa a 2022, wanda ya bi bayanan kimanin mutum miliyan 20 a LinkedIn tsawon shekaru biyar, ya nuna cewa sanayyar da ba ta yi zurfi sosai ba ta fi kusanci na ƙut-da-ƙut kai mutum ga sabon aiki, abin da ya ƙarfafa ra'ayin da masanin zamantakewa Mark Granovetter ya gabatar tun 1973. Dalilin a fili yake, abokanka na kusa sun san guraben da kai ma ka sani.

Maɓallin Easy Apply kuwa, wanda ke ba mutum damar neman aiki cikin ɗan lokaci ba tare da barin dandalin ba, sauƙinsa shi ne illarsa. Gurbi ɗaya kan tara masu nema sama da ɗari ba da jimawa ba, kuma a cikin irin wannan cunkoso kalmomin da suka dace da tallar aikin su ne ke fara jan ido. Haka nan shafin labarai na dandalin ya fi ɗaga masu iya yabon kai, alhali ɗalibai masu natsuwa da yawa sun saba da cewa aiki ne ke magana.

Ga mai kyakkyawan sakamako, gyaran yana hannunsa. Ya ɗauko darajar digirinsa daga ɗan gurbin nan na ƙasa ya sa ta a taken da ke ƙarƙashin sunansa, domin taken ne ke bayyana a duk inda sunansa ya fito. A sashen bayani kuma ya faɗi abin da ya kai shi ga sakamakon: batun kundin bincikensa, da tambayar da ya amsa, da kayan aikin da ya yi amfani da su, da duk wani horon sanin makamar aiki da ya yi ko da na wata biyu ne. Layin da ke cewa “na tattara bayanai daga ɗalibai, na tantance su da manhajar Excel, na gabatar da sakamakon a gaban malaman sashe” ya fi lamba kaɗai gaya wa mai ɗaukar ma'aikata abin da zai samu.

Saura tsarin Premium, wanda ake biya wata-wata. Yana nuna waɗanda suka duba shafinka, yana ba ka 'yan saƙonnin InMail zuwa ga waɗanda ba ku haɗu ba, yana kwatanta ka da sauran masu neman gurbi ɗaya, kuma yana buɗe darussan LinkedIn Learning. Kwatancen yana duban ƙwarewar da aka lissafa da matakin karatu da na aiki, don haka sabon mai digiri zai ga kansa a ƙasa a mafi yawan lokuta, abin da kan karya gwiwa ba tare da ya koya masa komai ba. Darussan suna da amfani ga wanda ya san giɓin da yake son cikewa. Ban ga dalilin da zai sa wanda bai fara samun albashi ba ya ɗaura wa kansa wannan kuɗi. Idan aka ba shi watan gwaji na kyauta, ya jira sai lokacin da yake tsakiyar neman aiki, ya yi darasi ɗaya ko biyu har ƙarshe, kuma ya soke rajistar kafin watan ya cika.