Ryzen X3D ko RTX 4070: wanne zai ɗaga maka FPS a Flight Simulator?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya ko furosesa Ryzen X3D ko katin hoto RTX 4070 ne zai ɗaga maka FPS, wato yawan hotunan da wasa ke nunawa a kowane sakan, a wasan tuƙin jirgi na Microsoft Flight Simulator. Ka sayi furosesan, ka bar katinka inda yake. Da Ryzen 5 3600, da RTX 3060 mai 12GB, da allon 1080p, kuma manyan jiragen fasinja kake tuƙawa, ba katin hoto ne ke riƙe ka ba. Tunda kuɗin abu ɗaya ne a hannunka, tsakanin RTX 4070 da Ryzen 5700X3D ko 5800X3D, ni X3D zan ce maka ba tare da kwana-kwana ba.

Sai dai kafin ka zare ko kwabo, bari wasan ya faɗa maka da bakinsa. Shiga General Options, ka kunna Developer Mode, sannan a layin da zai fito a saman allo ka danna Debug, ka zaɓi Display FPS. Wani ɗan akwati zai bayyana a kusurwar dama, a ƙarƙashin lambar FPS zai rubuta ɗaya daga biyu: Limited by MainThread, ko Limited by GPU. Na farkon yana nufin furosesa ne ya gaza, na biyun kati ne. Kada ka yi gwajin nan a filin Malam Aminu Kano da ƙaramar Cessna, domin a can kusan kowace kwamfuta jaruma ce. Ka ajiye A320 ɗinka a bakin ƙofa a Heathrow ta Landan ko JFK ta New York, da jiragen kewaye a kunne, da gajimare, ka zauna a ɗakin matuƙi ka leƙa akwatin. In sha Allah MainThread za ka gani, da jan rubutu. In kana son ƙarin tabbaci, sauke Render Scaling zuwa 50. Hoton zai dushe kamar an shafa masa mai, aikin kati ya ragu sosai, amma FPS ba za ta motsa ba. To me katin da ya fi wannan ƙarfi zai ƙara maka?

Abin da ke ruɗar mutane shi ne Task Manager. Mutum ya buɗe ya ga furosesa na aiki kashi 30 cikin ɗari, sai ya ce ai wannan hutawa ma yake yi. Ba haka ba ne. Ryzen 3600 na da kor 6, wato ƙananan injinan lissafi da ke cikinsa, da layin aiki 12. Idan layi ɗaya ya cika maƙil, a jimillar da Windows ke nunawa bai wuce kashi 8 da 'yan kai ba. Shi kuma wannan wasa, da kamfanin Asobo na Faransa ya ƙera, tun da Microsoft ta fitar da shi a Agustan 2020, kaso mafi nauyi na lissafinsa ta layi ɗaya yake bi: ina kowane gini yake, wace bishiya za a nuna, motocin fili, jiragen da ke yawo, na'urorin cikin jirginka. Kamar shagon ɗinki ne mai yanka ɗaya. Ko ka zuba teloli goma da sababbin kekuna, in mai yanka bai miƙo ba zaman jira za su yi. FPS 30 na nufin a gama kowane hoto cikin milisakan 33, FPS 60 kuma cikin ƙasa da 17. Idan MainThread, wato wannan layi ɗaya, na cin 40, katin da zai iya zana hoton cikin 10 sai ya yi zaman jiran 30.

Ga inda X3D ya bambanta da sauran. A cikin kowane furosesa akwai wata 'yar ma'ajiya mai saurin gaske da ake kira L3, inda yake ajiye bayanan da yake yawan buƙata don kada ya riƙa zuwa RAM ɗauko su. Naka 3600 na da 32MB, kuma ita ma a rabe take gida biyu. Shi 5800X3D da AMD ta fitar a Afrilun 2022, an ɗora masa ƙarin 64MB a bisa na asali, ya zama 96MB, kor 8 ɗin duka suna ɗiba daga wuri guda. Gudunsa bai kai na 5800X na yau da kullum ba, iyakarsa 4.5GHz, amma a wannan wasa yana barinsa a baya, saboda matsalar ba ta gudu ba ce, ta jiran bayanai ce. Ƙaninsa 5700X3D da ya fito a farkon 2024 shi ma 96MB ɗin gare shi, gudunsa ne ya tsaya a 4.1GHz. Bambancinsu a zahiri kaɗan ne, duk wanda ka samu da farashi mai sauƙi ka ɗauka.

Ni 5800X3D ne a kwamfutata, kuma daga 3600 irin naka na taso. Abin da ba zan manta ba shi ne saukar farko da na yi da shi a Heathrow, da yamma, ana yayyafi. A da, da zarar na sauko ƙasa da ƙafa dubu, filin ya fara cika da gine-gine da jirage, sai hoton ya kama cijewa. Daidai lokacin da ake ɗaga hancin jirgi kaɗan kafin taya ta taɓa ƙasa, sai allon ya daskare na ƙiftawar ido, kafin ya dawo na riga na buga jirgin a titi. Na daɗe ina zaton hannuna ne bai ƙware ba. A wannan yammar kuwa fitilun bakin titi suka riƙa tahowa sumul, muryar da ke ƙirga tsawo tana cewa hamsin, arba'in, talatin, na ja sandar a hankali jirgin ya amsa nan take, na ji tayoyin baya sun zauna lafiya lau. Da na juya kai ina kallon tagar hagu ina neman hanyar fita, babu wannan fizgar da na saba da ita. Wallahi na jima a zaune ban kashe injin ba, don daɗi. Lambar FPS ta ƙaru, ba shakka, amma abin da ya fi faranta min rai shi ne ta daina faɗuwa warwas a inda na fi buƙatarta. Kuma ban canja madabod, wato babban faifan da ake dasa furosesa a kai, ba, ban canja RAM ba, furosesa kawai na cire na sa wani.

RTX 4070 kuwa kati ne mai kyau, ina da shi, kuma shi na fara saye tun ina kan 3600. A Heathrow lambar da na bari ita na tarar.

Hakkinsa dai a ba shi. Katunan RTX 40 suna da Frame Generation, wanda ya shigo wasan a Nuwamban 2022, inda katin ke ƙirƙiro hoto ɗaya ya cusa tsakanin kowane biyu na gaske. Lambar kan kusan ninkawa, motsin ya yi laushi a ido. Amma in tushen na cijewa, da cijewar za a ninka, jirgin ba zai fi saurin amsa sandarka ba, kuma lambobin da ke gudu a allon matuƙi, na tsawo da na sauri, sukan yi inuwa-inuwa. Wannan kwalliya ce da ake yi bayan an gyara tushe. Ranar da ka koma allon 4K, ko ka sayi gilashin VR, ko akwatin ya fara rubuta Limited by GPU, ranar ce maganar kati ta taso. Ko a ranar ma kada ka sauka ƙasa da 12GB da kake da shi. Masu cewa ka sayar da 3060 ɗinka ka ɗauki 4060 mai 8GB ba su tuƙa babban jirgi a filin da aka ƙawata ba. In ma'ajiyar kati ta cika, cijewar da za ka gani ta fi ta yanzu muni, musamman a Flight Simulator 2024, fitowar wasan da ta biyo bayan ta 2020.

Idan furosesan ya zo, ga abin da nake roƙonka. Ka sabunta BIOS, manhajar da ke cikin madabod mai tayar da kwamfuta, tun 3600 ɗin na ciki, domin madabod irin B450 da tsohon BIOS ba zai gane X3D ba, allo baƙi kawai za ka gani ka zaci an sayar maka da matacce. Ka shiga shafin kamfanin madabod ɗinka ka tabbatar sunan furosesan na cikin jerin waɗanda yake ɗauka. Kuma don Allah kada ka yi wannan aiki a kan wutar NEPA tsagwaronta. Ka jona UPS ko inbata, saboda in aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta BIOS, madabod ɗin na iya tafiya ke nan. Wajen cire tsohon, ka bar kwamfutar ta ɗan yi aiki ta yi ɗumi, sannan ka kashe, ka murɗa kular, wato na'urar sanyaya furosesa da ke kansa, hagu da dama a hankali kafin ka ɗaga. Man da ke tsakaninsu in ya bushe yakan manne, sai ka fizgo furosesan tare da kula, ƙafafunsa su lanƙwashe. Ita ma 'yar kular da ta zo da 3600 ba za ta riƙe X3D ba. 3600 wat 65 ne, X3D kuwa 105, ba ya zuwa da kula a kwali, kuma da ya kai digiri 90 zai rage gudu da kansa. A zafin Afrilu na ƙasarmu, a ɗakin da babu AC, ka sa kuɗin kula mai tsayi da fanka babba a lissafinka tun yanzu. Canjin da ya rage ka ƙara RAM ta kai 32GB, sanda biyu iri ɗaya, ka kunna XMP a BIOS don ta yi gudun da aka rubuta a jikinta. Microsoft da kansu 32GB suka ba da shawara ga na 2024.

Ba ka tambaya ba, amma ba zan yi shiru a kan masu sayarwa ba. Waɗannan furosesoshi biyu sun yi wuya a kasuwa, kuma duk abin da ya yi wuya mazambata na kewaye da shi. Wani zai miƙo maka 5800X ko 5700X ya ce ai duk ɗaya ne, harafi biyu ne kawai bambanci. Harafi biyun nan su ne kuɗinka gaba ɗaya. Wani kuma zai ce me za ka yi da kor 8, ga tsohon furosesan Intel Xeon mai kor goma sha wani abu da madabod ɗinsa a rabin kuɗi. Wannan shi ne mafi munin abin da za ka saya wa wannan wasa, teloli ne birjik da mai yanka mai nawa. Akwai ma masu goge rubutun murfin ƙaramin furosesa su buga sunan babba a kai. Don haka rubutun murfi ba hujja ba ne. A sa shi a madabod a gabanka, a buɗe CPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan furosesa, ka ga sunan, ka ga L3 ta nuna 96MB da idonka. Ka juya shi ka haska ƙafafun da fitilar waya, layi-layi, ko akwai wadda aka miƙe da allura. Wanda ya ce ka tura kuɗi tukuna zai sa maka a mota, kuma ba wanda ka sani da ya san shi, ka ce masa Allah ya kawo kasuwa.

Ranar da za ka sayi kati ma haka. Tun da aka daina haƙar kuɗin kirifto na Ethereum da katunan hoto a Satumban 2022, katunan da suka shekara suna aiki dare da rana suka cika kasuwar na-hannu, an wanke su an sa a kwali. Ka buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, ka duba girman ma'ajiyar, domin 3060 akwai mai 8GB akwai mai 12GB, 4060 Ti akwai mai 8 akwai mai 16, mai shago kuwa sunan kawai zai faɗa maka. Ka bar katin ya yi aiki mai nauyi na kamar rabin awa kana kallon zafinsa da ƙarar fankarsa. In kuma ya nuna maka wasan yana gudu a ƙafa dubu talatin da biyar a saman teku, ka ce ya sauko da jirgin ƙasa a babban fili.

Kafin kuɗin su haɗu, akwai abin da za ka samu kyauta a daren nan. A saitin wasan, Terrain Level of Detail shi ne babban mai cin furosesa, ka mayar da shi 100 ko ƙasa da haka, Object Level of Detail ma haka. Ka rage cunkoson motocin fili, ma'aikata, jiragen da ke fake, da motocin titi, ka sauke Glass Cockpit Refresh Rate zuwa matsakaici. Su gajimare, inuwa da kyan hoto ka bar su a sama, aikin kati ne, naka kuwa yana da sarari. Idan intanet ɗinka na yankewa ka kashe Photogrammetry, domin wani cijewar daga jiran saukar taswira yake zuwa, kuma babu furosesan da zai magance wannan. Sannan ka ɗaure FPS a 30 da V-Sync, ka ga yadda talatin tsayayya ta fi wadda ke lilo tsakanin 22 da 45 daɗin tuƙi.

Idan ka nema ka rasa 5700X3D da 5800X3D na gaskiya, ko farashin na-hannu ya kusa kai kuɗin sabon gini, kada ka huce a kan 4070. Ka riƙe kuɗinka ka ƙara tarawa, ka tsallaka zuwa 7800X3D, amma ka sani wannan sai da sabon madabod na AM5 da RAM ta DDR5, katinka na 3060 da na'urar ba da wuta (power supply) da faifan ajiyar fayil dai za su biyo ka. Ka ɗauko mana hoton akwatin FPS ɗin daga Heathrow ka sa a nan, tare da cikakken sunan madabod ɗinka, sai in duba maka wane BIOS za ka sauke.