Jama'a ku yi hattara da masu sayen tsohon sisin kwabo mai huji a Facebook

Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku tura ma na kusa da ku. Wasu 'yan damfara sun fito da sabon salo, ƙanin mahaifiyata suka wanke dubu 180 a satin da ya wuce, har yanzu bawan Allah ko abinci baya iya ci sosai.

Wani ne ya saka hoton ɗari a wani guruf, wato sisin kwabo na zamanin Turawa, farin nan mai huji a tsakiya da tauraro mai tsini shida da ɗan rubutun larabci, yace wai wani Bature a Ingila yana saye miliyan biyu duk ɗaya indai na 1936 ne mai sunan Sarki Edward na takwas. Kwana biyu sai ga wani daban ya kira kawu, muryar tsoho har da tari, wai yana da guda uku da ya tsinta a adakar kakarsa cikin su anini da taro, kuɗin magani kawai yake nema. Kawu ya lissafa riba ya tura kuɗi, aka aiko masa kayan a mota ƙunshe a leda, yana kiran mai sayen sai layi a kashe, shima tsohon haka. Ashe bakinsu ɗaya.

Abin haushin fa labarin sarkin gaskiya ne, Edward ya hau mulki a 1936 kuma a watan Disambar shekarar ya sauka saboda matar da yake son aura, shiyasa a Ingila ba'a kai ga sakin kuɗi da sunansa ba. To amma nan Afirka ta Yamma an buga su da yawan gaske, mu da Gana da Saliyo da Gambiya duk dasu akai ta cefane, masu tara tsofaffin kuɗi suna samunsu a arha, ba wani miliyan. Haka na Najeriya na 1959, jan nan, wanda akai amfani dashi kafin naira ta shigo a 1973. Shi kuma na Ingila mai hoton jirgin ruwa da aka daina karɓa a 1969, musamman na 1967, wannan kam kamar ƙasa yake.

Eh akwai masu tsada, irin na Ostareliya na 1923, shima ɓarayi kan kankare 8 ɗin na 1928 ta koma 3, kai da baka san harkar ba ta ina zaka gane?

Duk wanda yace ka fara biyan kuɗin rajista ko na gwaji kafin ya sayi kayanka, ko yace kwabon yana jan shinkafa ko akwai sinadari a ciki, wallahi toshe shi kawai. In kana da su a gida ka ajiye abinka, kar ma ka goge da toka ko lemon tsami don gogewar rage masa daraja take. Guda ukun kawu suna nan a gwangwanin madara kan talabijin, yara na wasa dasu.