Mai zaɓen ƴan wasan kwaikwayo da muka ɗauka a Damagaram

A bana ƙungiyarmu ta matasan unguwar Birni ta ƙudiri aniyar shirya wasan kwaikwayo kan fadar Damagaram a zamanin Sarki Tanimun, wanda marubucin nan ɗan Nijar, André Salifou, ya taɓa rubuta wasa a kansa. Masu son fitowa sun haura 30, matsayin kuwa 12 ne kacal, don haka muka nemi wata Hajiya da ta daɗe tana zaɓar wa ƙungiyoyi ƴan wasa, wadda ta fara hawa dandali tun tana budurwa a ƙungiyar matasa ta samariya, zamanin mulkin Shugaba Seyni Kountché.

Kwana uku ta yi tana tantancewa, kuma ba ta miƙa wa kowa takarda ba, domin a cewarta wasan Hausa a Nijar a baki ya girma. Sai ta ce wa yaro: "Kai ne dogari, ga talaka ya kawo ƙara, sarki kuma bai fito ba," sannan ta koma gefe ta zuba ido.

Wurin zaɓen sarki ne na sallama mata. Dukkanmu mun sa rai ga wani dogon saurayi mai amon murya, amma ita ta ɗauko wani yaron tela daga Zango wanda da ƙyar ake jin maganarsa. Da na nuna damuwa sai ta ce: "Malam, sarki ba ya ɗaga murya, fadawa ne ke ɗaga masa." Aka naɗa masa rawani, ya zauna bai motsa ba, ya ɗaga yatsa ɗaya kawai, sai ga zauren ya yi tsit. Dogon nan kuwa ta ba shi maroƙi, kuma kirarinsa ne ya fi tashin ƴan kallo.

Ƴan mata huɗun da ta zaɓa, ita da kanta ta bi gidajensu ta gaida iyaye, ta yi alkawarin za a riƙa tashi kafin magariba, kuma ba a taɓa saɓawa ba.

Inda ta gaza, kuma abin ya tsaya mini a rai, shi ne waɗanda ba a ɗauka ba a jikin bango suka ga sakamako, har wata yarinya ta fita tana share hawaye ba wanda ya rarrashe ta. Jika 25 muka biya, ban kuma yi nadama ba, amma duk ƙungiyar da za ta ɗauke ta, ta sharɗanta mata tun farko cewa ita za ta sanar da kowane yaro baki da baki.